Waiwaye: Harouna Doula da Malaman Filin Makaranta

Ranar Asabar 8 ga Oktoba 2011 aka buga wasanni biyu da suka yanke hukuncin rukuni guda, ɗaya a Alƙahira, ɗaya a Nelspruit ta Afirka ta Kudu. A Alƙahira, Masar ta lallasa Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, da ci 3 da nema. A Nelspruit kuwa, masu gida sun tashi canjaras da Saliyo, babu wanda ya ga ragar wani, suka dinga rawa suna zagaya fili, a zatonsu sun samu gurbi a gasar cin kofin Afirka. Ashe ba su karanta doka da kyau ba. Ƙasashe uku ne suka gama da maki tara-tara, kuma dokar hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ce idan maki ya zo ɗaya, abin da ya gudana tsakanin masu kunnen dokin ake dubawa, ba yawan ƙwallayen da kowa ya zura a rukuni ba. Da aka zauna lissafi, Nijar na da 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Haka ƙasarmu ta shiga babbar gasar nahiyar a karo na farko tun samun 'yancin kai a 1960.

Mutumin da ke bakin layi a ɓangaren Nijar a ranar shi ne Harouna Doula Gabde, ɗan ƙasa, wanda aka damƙa wa Mena a 2009, lokacin da ba a sa Nijar a lissafin ƙwallon Afirka. Da aka jefa ƙuri'a, sai ga shi a rukuni ɗaya da Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, da kuma Afirka ta Kudu, wadda ta karɓi baƙuncin gasar duniya a 2010. Ko a Yamai, masu fatan Mena ta fito daga wannan rukuni ba su da yawa.

Har yau akwai masu cewa sa'a ce kawai. Wanda ya faɗi haka bai bi sawun hanyar da aka biyo ba. Tun a 2010, 'yan wasan gida na Nijar sun fitar da Najeriya daga neman shiga gasar CHAN, wadda ake bugawa da masu taka leda a cikin ƙasarsu kaɗai: an ci 2 da nema a Yamai, aka je Kano aka tashi babu ci. A shekarar ce Nijar ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a gida. Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kountché, Moussa Maâzou ya zura wa Masar ƙwallo ɗaya tilo, gola Kassaly Daouda da masu tsaron baya suka hana zakarun Afirka ramawa har aka tashi. A Fabrairun 2011 aka je Sudan gasar CHAN, Nijar ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, masu masaukin baƙi ba su samu fitar da ita ba sai a bugun fanareti. A Maris aka doke Saliyo 3 da 1. A Satumba aka doke Afirka ta Kudu 2 da 1, Koffi Dan Kowa da Maâzou ne suka ci.

Makin nan tara duk a Yamai aka same su. A waje Mena ba ta samu maki ko ɗaya ba, ba ta ma zura ƙwallo ba. Wannan rauni ne, kuma babu amfanin ɓoye shi. Amma yana nuna irin aikin da aka yi. Ƙungiya ce da ba ta da taurari da yawa, wadda ta san iyakar ƙarfinta, ta san zafin ranar Yamai, ta san yadda ihun 'yan kallo ke ƙara wa ƙafa ƙwari, ta yi amfani da abin da ke hannunta har ƙarshe. Da dama daga cikin yaran a ƙungiyoyin gida suke, irin su ASFAN da Sahel SC da ta rundunar Garde Nationale, sun kuma daɗe suna haɗuwa a sansani ɗaya, daga wannan gasa zuwa waccan. Mai horo ya san wanda ke saurin fushi, ya san wanda gwiwarsa ke sanyi idan aka riga su ci, ya san wanda ake wa tsawa da wanda ake jan sa gefe a lallashe shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Ranar 22 ga Disamba 2011, a birnin Accra, a taron da aka naɗa Yaya Touré gwarzon ɗan wasan Afirka, CAF ta zaɓi Harouna Doula a matsayin gwarzon mai horo na shekara a nahiyar baki ɗaya. Bayan wata ɗaya kacal, ranar 23 ga Janairu 2012, Gabon ta doke Nijar 2 da nema a Libreville a wasan farko. Kafin gasar an riga an ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, wanda ya taɓa horar da Bordeaux da Marseille, a matsayin mai ba da shawara. Bayan wannan kaye, ragamar ƙungiya ta koma hannunsa, Doula ya koma gefe. Sauran wasanni biyun ma an faɗi: Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. Aka dawo gida babu maki.

Ina fahimtar tsoron da ya kawo wannan shawara. Baƙon taro yana gudun abin kunya, kuma masu riƙe da hukumar ƙwallo sun so a ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Ba kuma ina cewa baƙo ba ya iya aiki ba ne. Gernot Rohr, wanda shi ne ya jagoranci Gabon a wancan wasa, ya karɓi Mena a Satumban 2012, ya fitar da Gini, ya kai mu gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda muka samu makinmu na farko a canjaras da Kwango ta Kinshasa. Abin da ke ci mini rai shi ne ma'aunin da aka yi amfani da shi. Mutum ya shafe fiye da shekara biyu yana gini, nahiya ta shaida, sai aka auna shi da minti 90 a gaban mai masaukin baƙi. Wanda ya zo daga baya kuma aka sa masa rai ya gyara cikin kwanaki abin da ba ya gyaruwa sai da shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga 2013 har zuwa gasar Maroko ta 2025, Mena ba ta sake leƙa babbar gasar ba. Doula kuwa bai yi zuciya ya bar fage ba. A farkon 2023 ya sake jagorantar 'yan wasan gida zuwa gasar CHAN a Aljeriya. A birnin Oran suka yi canjaras da Kwango ta Brazzaville, suka doke Kamaru 1 da nema, suka fitar da Gana da ci 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, matakin da Nijar ba ta taɓa takawa ba a wannan gasa. Aljeriya ta yi musu 5 da nema, Madagaska ta karɓe na uku da ci ɗaya, suka dawo a matsayi na huɗu. Shekara goma sha ɗaya bayan Libreville, mutumin da aka ture gefe ya sake nuna cewa abin da ya yi da farko sani ne.

A cikin jerin 'yan wasan da suka je Gabon a 2012 akwai wani yaro da mu mutanen arewa ba za mu manta ba. Amadou Moutari, haifaffen Arlit a Janairun 1994, ɗan wasan Akokana FC, yana da shekara 18. Daga nan ya tafi Le Mans a Faransa, ya buga wa Anzhi a Rasha, ya buga wa Ferencváros a Hungary. Ka duba nisan da ke tsakanin Arlit da Yamai, fiye da kilomita dubu, ta Agadas da Tawa. Kafin idon mai horar da ƙasa ya kai ga yaro a wannan nisa, dole wasu hannaye sun riga sun yi aiki a kansa. Wani ya koya masa tare ƙwallo da cikin ƙafa. Wani ya hana shi fita fili ranar da ya yi rashin kunya. Wani ya je ya roƙi iyayensa. Sunan irin waɗannan mutane ba ya fitowa a jarida, kuma ba a kiran su Accra.

Mu da muka tashi a garuruwan yuraniyom mun san su. Arlit gari ne da ma'adini ya haifa: an kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a ramin Akouta a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. Ma'aikata suka zo daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Doso, Tilaberi, suka tarar da Buzayen Ayar, 'ya'yansu suka haɗu a aji ɗaya. Hausa ta zama harshen kasuwa da na fili. A cikin wannan cakuɗa aka samu Akokana da Urana, ƙungiyoyi biyu da suka buga a rukunin farko na ƙasa. Amma kafin yaro ya sa rigar ɗaya daga cikinsu, ta hannun malamin motsa jiki na koleji ko na lise yake bi, wanda muke kira Mushe.

Aikin Mushe a takarda bai wuce 'yan sa'o'i a mako ba: gudu, tsalle, jifa, da shirya ɗalibai ga gwajin motsa jiki na jarrabawar BEPC. Sauran duk na sa kai ne. Shi ke jiran la'asar ta yi sanyi ya tara yara, domin da tsakar rana ko takalmi ba ya hana ƙasar Arlit ƙona ƙafa. Shi ke sa a kwashe duwatsu daga fili, a ja layi da toka, a kafa tsofaffin bututun ƙarfe a matsayin raga. Ƙwallo ɗaya ce ko biyu, idan ta fashe shi ke kai ta wurin mai faci da kuɗin aljihunsa. Shi ne mai horo, shi ne alƙalin wasa mai usur a wuya, shi ne mai ɗaure targaɗe. Lokacin hunturu, idan iska ta taso da ƙura har mai tsaron gida ba ya hango tsakiyar fili, shi ke yanke hukuncin a ci gaba ko a tashi.

Babban aikinsa ma a zaure yake, ba a fili ba. Uban da ya wuni a ramin ma'adini yakan ce, "Malam, karatu na kawo shi ya yi, ba buga ƙwallo ba." Malamin kirki ba ya musu. Yakan ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Ka bar mini shi zango ɗaya. In makinsa ya sauka, ni da kaina zan cire shi." Kuma yana cika alkawari. Mun ga gwanayen da aka zaunar a benci ranar babban wasa saboda takardar sakamako ta zo da ja. Yaro ya yi kuka, abokai su yi ta magiya, "Mushe, don Allah a yi haƙuri, yau kaɗai." Ba ya sauya magana. A lokacin muna ganin tsanani ne. Yanzu, idan na duba waɗanda suka bi ta hannun irin waɗannan malamai, 'yan kaɗan ne suka ci abinci da ƙwallo, amma akwai malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobi, sojoji, 'yan kasuwa, kuma mafi yawansu sun san zuwa a kan lokaci, sun san bin doka ko alƙali ya yi kuskure, sun san miƙa wa wanda ya kayar da su hannu.

Wannan aiki kamar dashen dabino ne a lambunan Ayar: ana shekaru ana ban ruwa kafin a ga nonon farko, kuma sau da yawa wanda ya dasa ba shi ke cin mafi yawan 'ya'yan ba. Shi ya sa ake raina shi. Shugaban da ke son a gani a ƙasa cikin wa'adinsa ya fi son ya sayi riguna ya ɗauki hoto da babbar ƙungiya, a kan ya biya kuɗin motar da za ta kai 'yan aji uku wasa garin maƙwabta.

Amma duk lokacin da aka ɗan kula da ƙananan yara, sakamako yana fitowa. Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015. A 2016, ƙananan Mena ƙarƙashin Soumaïla Tiémogo, shi ma ɗan ƙasa, suka fitar da Najeriya, wadda ke riƙe da kofin duniya na wannan rukuni tun 2013 ta kuma sake ɗauka a 2015: an ci su 1 da nema a Abuja, suka rama da 3 da 1 a Yamai. A 2017 suka zo na huɗu a Gabon, suka tafi Indiya gasar duniya, suka doke Koriya ta Arewa 1 da nema a birnin Kochi, suka kai zagaye na biyu kafin Gana ta fitar da su. Wannan shi ne karo na farko da Nijar ta buga wata gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta FIFA, kuma yara ne suka kai ta, da malamin yara.

A Amurka, horar da 'yan makaranta sana'a ce da mutum ke tsufa a cikinta. Eddie Robinson ya fara horar da ƙungiyar kwalejin Grambling, makarantar baƙaƙen fata a jihar Louisiana, a 1941, yana da shekara 22. Wasansu shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a yi gudu da ita. A shekarun farko shi da kansa ke ja wa fili layi. Bai ajiye aikin ba sai a 1997, da nasara 408, kuma fiye da ɗalibansa 200 sun zama ƙwararrun 'yan wasa. Ya yi shekarun da aka yi ta kayar da shi, makarantar ba ta kore shi ba. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba, domin ba mu da shi. Haƙurin nake nufi, da ɗaukar malamin fili a matsayin malami cikakke.

Ba ma sai mun je nesa ba. Kokawar gargajiya ta riga ta nuna mana hanya. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, ana zagayawa da ita daga jiha zuwa jiha, kuma a yau kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma. Kafin a kai goman nan, an tace tun daga ƙasa. Ɗan ƙauyen da ke da ƙarfi ya san matakalar da zai hau har sunansa ya shiga rediyo. Ɗan ƙauyen da ke da ƙafa fa, wace matakala ce tasa?

A nan ne Gougaram ke shigowa. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Arlit, a gindin duwatsun Ayar, ƙasar makiyaya da masu lambu. Yaran can suna buga ƙwallo kamar na ko'ina, a kan yashin busasshiyar ƙorama, da duwatsu biyu a madadin raga. Yaron da ya saba bin awaki a kan tsauni tun yana ƙarami yana da numfashin da ɗan birni ke nema da atisaye. A irin waɗannan ƙauyuka malamin aji ne ke zama mai horo, idan Allah ya sa yana da sha'awa. Ranar da aka yi masa sauyin wurin aiki, ƙungiya ta watse. Yankin ya sha wahalar rikicin tawaye na 2007 zuwa 2009. Tun 2014 zinariyar Djado da Tchibarakaten ke jan samari daga aji. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. A irin wannan hali, filin makaranta ba wasa ba ne kawai. Yana cikin 'yan abubuwan da ke sa yaro ɗan shekara 14 ya so wayewar gari ta same shi a makaranta.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa a cikinta. Ɗan guntu daga irin wannan kuɗi ya isa a yi gasar makarantu ta gunduma kowace shekara, tsakanin Arlit da Akokan da Dannet da Gougaram, a lokacin sanyi, da rukunin maza da na mata, da sharaɗin cewa sai mai zuwa aji zai buga. Waɗanda suka yi fice su wakilci gunduma a Agadas. Malamin da ke ba da yammacinsa a ba shi ɗan alawus da gajeren horo a hutun ƙarshen shekara, ko a cibiyar INJS ta Yamai da ke horar da malaman wasanni, ko a turo masu horarwa Agadas. A daina ɗauke shi daga makaranta da zarar aikinsa ya fara kama ƙasa. Tsofaffin 'yan wasan Akokana da Urana da ke zaune a gari su ma dukiya ce: kowannensu zai iya riƙe makaranta ɗaya. A kuma riƙa rubuta sunan makaranta da na malamin farko a takardar kowane ɗan wasa, domin ranar da yaro ya yi suna a san inda za a kai godiya.

Darasin da na ɗauka daga rayuwar Harouna Doula shi ne cewa muna da mutanen da suka iya wannan aiki, daga benci na ƙasa har filin kolejin ƙauye. Abin da muke gaza ba su shi ne lokaci da daraja. Mukan tuna da su idan babu kowa, mu ture su idan taro ya cika, sannan mu yi mamakin dalilin da ya sa nasara ke zuwa mana sau ɗaya a shekara goma. Iyaye, magadan gari, shugabannin makarantu da hukumar ƙwallo, kowa na da rabonsa a gyaran. Mai ɗa a makaranta ya fara da abin da ba ya cin ko dala: ya je fili da yamma, ya gaisa da malamin da ke tsaye cikin ƙura da yaransa, ya tambaye shi abin da ya rasa. Hukumomi kuma su sa gasar makarantu cikin kasafin kuɗin shekara, su bar mai horo ya kai yaran da ya fara da su har su gama.